Saƙon Muryar da Ya Raba Ni da Taubashina

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, duk da na san a yankinmu wasu za su gane ni tun kafin su kai rabin wasiƙar nan.

Lokacin da abin ya faru ni dillalin dabbobi ne a kara, wato kasuwar dabbobi, a Birnin Kudu, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Sana'ar gado ce, a gefen mahaifina na tashi ina riƙe igiya. In na ɗora hannu a gadon bayan rago, na buɗe bakinsa na duba haƙori, to abin da na faɗa a kansa ya zauna, ba a cika yi mini musu ba. Ga shi na yi sakandare, abin da yawancin abokan sana'ata ba su samu ba, don haka ni ake kawo wa takarda in karanta. Ina da Alhazan Kano da na gada daga mahaifina. Duk shekara in Babbar Sallah ta matso da kansu suke tasowa, in shimfiɗa musu tabarma, in sa a dama fura, mu yi ciniki a tsanake.

Ina da taubashi a wani ƙauye can wajen Sara, a ƙasar Gwaram, ɗan gwaggona ƙanwar mahaifina. Shekara biyu na ba shi. Shi ma dillali ne, amma ƙarami, irin wanda matan ƙauye ke danƙa wa tinkiya ko akuya ya kai musu kasuwa. Duk wanda ya san mu ya san wasanmu. Ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. In kira shi baƙauye, bawan gidanmu, shi kuma ya ce ni ne na ƙare boko na dawo kamun wutsiyar tumaki. Mutane su taru suna ta dariya. Tsakanin taubasai ba a fushi, mu ma ba mu taɓa yi ba.

Wata shekara ya sayar da riɗinsa ya sayi babbar waya, irin ta shafawa. Ranar da na gan ta a hannunsa na yi masa dariya har da riƙe ciki, na ce mutumin da bai iya rubuta sunansa da boko ba me zai yi da wannan, in ba duba fuskarsa ba. Ashe shi ba ya bukatar rubutu. Abu biyu kawai ya koya, ɗaukar bidiyo da tura saƙon murya. Sai ya riƙa bin gidajen da mata ke kiwon turke, a fito masa da rago ƙofar gida, ya zagaya shi da waya, ya buɗe masa baki, ya sa a ja shi ya yi tafiya, yana faɗin shekarunsa da abin da aka ciyar da shi. Ƙauyensu ba sabis sosai, sai ya hau wani tudu a bakin titi sannan saƙo yake tafiya. Direbobin motar Kano ya fara tura wa, su kuma suka nuna wa iyayen gidansu. Mutum na zaune a shagonsa a Kano zai zaɓi rago, ya tura kuɗi, direba ya kai masa har gida.

Shekarar farko na ce sa'a ce. Ta biyu abin ya fara ba ni haushi. Ya sauya kwanon gidansa, ya sayi babur, kuma, abin da ya fi ƙona mini rai, mutane suka fara zuwa inda nake a kara suna tambayata lambar wayarsa. Ni, da ake tambayata kuɗin rago, na koma mai ba da lamba. Tsakani da Allah, bawan Allahn nan bai ɓoye mini komai ba. Har gida ya same ni ya ce in kawo ragunan da ke hannuna ya ɗauka mini, ko ya nuna mini yadda ake yi. Na ce masa ban lalace ba tukuna, ranar da zan koyi ciniki a wurin ɗan Gwaram ba ta zo ba. Ya yi dariya ya ɗauka wasa ne. A ɓoye na je na sayi irin wayar, na ɗauki nawa bidiyon na ɗora, mutum uku suka kalla, ɗaya matata ce. Daga nan sai na koma ɗan kallo. Da kuɗina nake sayen data don kawai in ga abin da ya ɗora, in karanta masu yi masa fatan alheri ɗaya bayan ɗaya, raina yana ɓaci, in gama in sake komawa farko. Sunan abin hassada, na kuma san sunansa tun a lokacin, amma a bakina sai in ce sana'ar gado nake kishi.

Abin ya kai ƙarshe ne saura kwana goma sha biyu Sallah. Akwai wani Alhaji a Kano da gidansu ke sayen ragon layya a wurinmu tun ina yaro. Na ware masa manyan raguna balami biyu, ina ta jira, shiru. Da na kira shi sai ya gaishe ni faran-faran, ya ce ai bana ya huta da wahalar hanya, ya ga raguna a waya ya zaɓa, kuma ma ashe a wurin ɗan uwana ne, don haka duk gida ne. Na ce masa haka ne, Allah Ya sa albarka. Na kashe waya.

Muna da guruf a waya na dillalan kasuwannin yankinmu, na Birnin Kudu da na Gwaram, inda ake faɗin farashi da cigiyar dabbar da ta ɓata, a kuma yi raha. A ranar, bayan azahar, ina zaune a inuwar darbejiya a bakin kara, na danna na fara magana. Da dariya na fara, don a ce wasa ne. Na ce duk wanda ya sayi rago a hoto to salkar ruwa zai yanka ranar Sallah. Na ce wannan ɗan Gwaram ɗin gishiri da kanwa yake ba ragunan da sassafe, su sha ruwa cikinsu ya ɗauka, sannan ya durƙusa ya ɗauko su daga ƙasa don su yi girma a ido. Na ƙara da cewa ni na san shi ciki da bai, tunda jinina ne. Wallahi ban taɓa ganin ya yi haka ba, ko sau ɗaya. Na san ƙarya nake yi, na kuma san inda zan fake in an tambaye ni. 'Yan guruf suka yi ta turo hotunan dariya. Shi kansa ya mayar mini da martani yana dariya, ya ce a yi mini uzuri, yunwa ce ke damun ɗan boko, zai aiko mini da dusa.

A cikin guruf kowa ya san mu taubasai ne. Abin da na yi kamar ban sani ba shi ne saƙo ba ya zama inda aka ajiye shi. Wani ya tura wa wani, ya fita daga hannun mutanen da suka san wasanmu. Kwana biyu tsakani na ji labarin an fara fasa ciniki da shi. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zo faɗa: daɗi na ji. Na ci tuwo na ƙoshi ranar.

A rana ta huɗu na je tasha, wani direban Kano da bai san ni ba, ganin igiya a kafaɗata, ya kira ni ya ce tunda harkar dabbobi nake yi in zo in ji abin da ke yawo. Ya danna wayarsa, sai ga muryata. An yanke dariyar farkon, an kuma rubuta a sama cewa jama'a a yi hattara, ɗan uwansa na jini ne ya tona masa asiri. Direban yana ta girgiza kai, yana cewa in dai na gida ya faɗa ai magana ta ƙare. Na tsaya ina sauraron kaina a wayar baƙo. Zumuncin da na shirya fakewa da shi, shi ne ya zama shaidar da aka kashe shi da ita.

Raguna sama da ashirin ya tara a lokacin, kusan duk na matan ƙauyuka ne da suka shekara suna ɗawainiya da dusa da harawa, kowace da abin da ta sa a gaba. Waɗanda aka riga aka loda aka dawo da su daga Kano, sun galabaita. Da ya kai sauran kasuwa, masu saye sai su zo su danna cikin rago su yi gaba. Har Sallah ta wuce yawancinsu na turke, kuma kowa ya san yadda kuɗin rago ke karyewa bayan layya. Matan suka aiko aka kwance kayansu, wasu da magana mai zafi. Shi kuwa Alhajin nan bai dawo wurina ba. Cewa ya yi ya daina sayen dabba daga yankinmu gaba ɗaya. Na goge saƙon a guruf, abin da bai goge shi a wayar kowa ba. Na yi wani sabo, ba dariya, na rantse cewa ƙarya na yi. Ban taɓa jin wanda ya tura wannan gaba ba.

Shugaban dillalai ya tara mu a rumfarsa, da dattawan kara, ana maganar a dakatar da ni daga kasuwa. Aka tambaye ni, na sunkuyar da kai na ce wasan taubashi ne ya wuce gona da iri. Aka juya wurinsa. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce haka ne, wasa ne, kowa ya san yadda muke, shi ya yafe, kada a taɓa mini abincina. Aka yi fatiha aka watse. Na bi shi har inda ya ajiye babur ina neman abin faɗa. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shekara arba'in yana jin muryata in ina wasa, kuma ya sake sauraron saƙon nan ya fi sau ashirin yana neman waccan muryar ta wasa a ciki bai samu ba. Ya ce ya rufa mini asiri ne saboda kawunsa da ke kabari, wato mahaifina.

Sai da na yi sati uku kafin na iya zuwa gaishe da gwaggo. Na yi zaton faɗa, na ma fi son faɗan. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo mini ruwa. A tsakar gida ga wani farin rago a turke yana cin ƙaiƙayi. Nata ne, yana cikin waɗanda aka dawo da su, da shi ta yi niyyar yi wa jikarta kayan ɗaki. Ban iya kallon wajen sau biyu ba.

Yanzu ya bar harkar raguna, ya koma awon riɗi da wake. Wayar na nan a hannunsa, amma ya daina ɗora komai. Ni ina kara har yau, ciniki ya ja baya, don yanzu rabin dillalai da waya suke sayarwa, abin da na yi yaƙi da shi ya zo ya wuce ta kaina. Muna haɗuwa a suna da jana'iza. Da hannu biyu yake gaishe ni, ya kira ni Malam, ya tambayi iyali da gajiya, kamar wani surukinsa.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta zuwa da kamanninta. Ni a rigar wasa ta zo mini, wani kuma a rigar nasiha ko kishin sana'a za ta zo masa. Ina jan hankalin 'yan uwana masu riƙe da waya, musamman mu 'yan kasuwa: in ka ga kana sayen data don kallon wanda ganinsa ke ɓata maka rai, to ka san ciwo ya kama ka, ka ajiye wayar ka nemi tsari. Maganar da ka yi a rumfa iska ce ke ɗauke ta, waɗanda suka ji kuma sun san ka, sun san wanda kake nufi. Wadda ka danna ka tura kuwa za ta shiga kunnen mutanen da ba su san dangantakarku ba, ba kuma za ta koma da kai ka yi bayani ba. Mai turawa gaba ma ya ji tsoron Allah, abincin wani ne yake tafiya a ƙarƙashin yatsansa.

A al'adar gidanmu, ranar cika-ciki shi ke karɓar kuɗin shara a wurina, ɗan kuɗin wasan taubasai na shekara-shekara, tunda shi ɗan mace ne. Da sassafe yakan diro, ya tsare ƙofa, ya laluba mini aljihu a gaban 'ya'yana ina ihu suna dariya. Bana na nemi sababbin kuɗi na sa a aljihun gaba inda zai same su da sauƙi, na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, duk babur ɗin da ya karyo kwana sai na ɗaga kai. Ina nan zaune har aka kira la'asar.