Kwamfutar da Na Canza wa Adda

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai a kan labaran mutane, ban taɓa zaton wata rana nawa zai shigo layi ba. A lokacin da abin ya faru ni ma'aikaci ne a Kalgo, da mata da 'ya'ya biyu, kuma ina cikin shekarun nan da mutum yake ganin duk abin da ya tsufa a gidansu aikinsa ne ya canza shi. Na canza ƙofar zaure, na canza fanka, har randar da ke gindin darbejiya na so in canza aka hana ni. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya san gidajenmu na Gwandu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka yaye ni kakata ta tafi da ni Malisa, ita nake kira Inna, mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama inda na zauna. In na je gaishe ta daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri, sauran magana kuma sai ta bakin autarmu. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Kunya ce, a cikinta na tashi, kuma na san furar da ake aiko mini Kalgo da hannunta take kirɓa ta.

Adda ta yi aikin buga takardu a sakatariya har ta yi ritaya. Bayan rasuwar mahaifinmu ta gama takaba amma ta ƙi fitowa daga ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Abin da ya fito da ita wata tsohuwar kwamfuta ce da wani ƙanenta ya kawo mata. Malaman Islamiyya da na firamare suka fara aiko mata da tambayoyin jarrabawa tana buga musu, sai katin biki, sai wasiƙar neman aiki. Takan zauna daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, ta sake zama bayan la'asar. In malami ya yi kuskure a tambayarsa takan aika a kira shi zaure ta gyara masa, su kuma suna jin daɗin faɗan nata. Ita dai kwamfutar abin tausayi ce. Batirinta ya mutu, in aka ɗauke wuta nan take take sumewa. Haruffan madannanta sun goge, murfinta sai an jingina shi da filo. Adda ba ta damu ba, domin ba ta kallon madannan in tana bugu, yatsunta sun haddace komai. Ni kuwa duk zuwana in na hango ta sai in ji kunya ta kama ni, wai ina ma'aikaci uwata tana fama da wannan gwangwani.

Da na samu hali sai na shiga Birnin Kebbi na zaɓi sabuwa, siririya, mara nauyi, mai riƙe caji yini guda. Mai shagon ya ce in na kawo tsohuwar zai karɓa ya sassauta mini, kuma zai kwashe duk fayilolin da ke ciki ya zuba a sabuwar. Na haɗa baki da autarmu, wadda take hutun makarantar jinya a lokacin, ta ɗauko mini tsohuwar ranar da Adda ta tafi suna Kambaza. Mai shagon ya gaya mini cewa tsarin da ke tafiyar da sabuwar ba irin na tsohuwar ba ne, ya ce wanda ya saba da wancan sai ya ɗan zauna ya koya. Na ce masa wadda za ta yi aiki da ita ta fi shekara talatin tana buga takardu. Muka kunna ta. Ta nemi intanet, ta nemi imel, ta nemi lambar waya, ta nemi kalmar sirri. Adda ba ta da imel, ni kuma ba ni da bakin da zan kira ta in yi ta jera mata tambayoyi, balle ma so nake in ba ta mamaki. Sai na sa nawa imel ɗin, na sa lambar wayata, na ƙirƙiro wata doguwar kalmar sirri mai haruffa da lambobi wadda ni kaina sai na yi tunani nake tuna ta.

Ranar da na kai ta Gwandu, daga bakin ƙofa na miƙa wa autarmu, ita ta shiga da ita. Can sai autar ta leƙo ta ce Adda ta ce Allah ya yi albarka, ya sa 'ya'yana su yi mini fiye da haka. Sannan ta ce tana tambaya ina tsohuwar. Na yi dariya na ce a gaya mata ta huta, ta tafi inda tsofaffi ke tafiya. Ban ji an yi dariya a ɗakin ba, amma ban kawo komai a raina ba. Na zauna da autar a tsakar gida na nuna mata yadda ake kunnawa da inda fayiloli suke, sama-sama, ina duba agogo don kar mota ta wuce ni. Na koma Kalgo ina jin kaina ɗa na gari. Ban tsaya na yi lissafin cewa hutun autar ya kusa ƙarewa ba, kuma in ta tafi babu sauran bakin da Adda za ta yi mini magana da shi.

Ba a daɗe ba wasu saƙonni suka fara shigowa wayata, da Turanci, kowanne ɗauke da 'yan lambobi, wai ga lambar tabbatarwa. A zamanin nan kowa ya san 'yan damfara, don haka ina gani nake gogewa. Har a ofis na riƙa bugun ƙirji ina cewa wasu ɓarayi sun sa ni gaba amma sun tarar da wanda ya fi su wayo. Duk Juma'a nakan kira Adda in gaishe ta, gaisuwar da ba ta wuce minti ɗaya. In na tambayi kwamfuta sai ta ce tana nan. Ba ta yi mini ƙarya ba, tana nan ɗin. Ni ne ban tambayi ko tana aiki ba.

Matata ce ta fara lura. Wata safiya wayar ta yi ƙara muna karyawa, ta ce ita dai wannan ɓarawo nawa yana burge ta, mai tsoron Allah ne, sai ya idar da asuba yake fara aiki, ya huta da rana, ya dawo bayan la'asar. Muka yi dariya. Bayan wasu makonni saƙonnin suka ɗauke ɗif, na ce mata ɓarawon ya gaji. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni, ta ce in tuna wa na sani a duniya da yake zama aiki a waɗannan lokuta biyu, kuma lambar wa na ce na sa a kwamfutar nan. Wallahi sai a lokacin na gane Adda ce. Na kira matar ƙanen mahaifina da suke gida ɗaya da Adda. Ta yi ta kwana-kwana kafin ta faɗa mini gaskiya. Bayan tafiyar autar kwamfutar ta sabunta kanta, ta kulle, ta ce sai an sa lambar da ta aika wa mai ita. Adda ta riƙa mayar wa malamai da takardunsu tana cewa idonta ke ciwo. Lokacin jarrabawa ya zo ya wuce, babbar makarantar da ta fi kawo mata aiki ta koma wani shago a bakin tasha. Ta ce yanzu Adda ta koma zaman ɗaki kamar kwanakin takaba, kuma ta hana kowa ya gaya mini, wai kar a ɓata wa mutumin Kalgo kyautarsa.

Washegari na je shagon nan na Birnin Kebbi neman tsohuwar, a shirye nake in biya ko nawa ne. Mai shagon ya nuna mini wani kwali, an riga an farke ta an cire abin da zai yi amfani. Ba laifinsa ba ne, ni na kai masa, kuma ya yi mini gargaɗi ban ji ba. Na tsaya ina kallon madannan nan da yatsun uwata suka goge.

Ranar Asabar na isa Gwandu da hantsi. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta kamar kullum. Na hango kwamfutar a kan akwati, an lulluɓe ta da sabon zane. Babu auta, babu wanda zai kai magana ya dawo da ita. Na yi ta maza na cire takalmi na shiga, na sauko da ita na zauna a gefen tabarma. Adda ta ja mayafi ta juya gefe, amma ba ta tashi ba. Na kunna, ta nemi lamba, na danna inda aka ce a aika, sai ga wayata ta yi ƙara a aljihu. Mu duka mun ji. Na fara ba ta haƙuri ina cewa ai ba ta san saƙon wurina yake zuwa ba. Tana kallon bango ta ce ta sani. Ta ce ai tana karanta Turanci, kuma kwamfutar takan nuna ƙarshen lambar wayar da ta aika wa, ita kuma ta san lambar. Ta ce ta ɗauka ina gani, aiki ne ya yi mini yawa, shi ya sa take sake dannawa ko za a dace da lokacin da na samu sarari. Da ta ga abin ya yi tsawo sai ta bari, don kar ta dame ni. Edita, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Matar da ba ta taɓa kirana a waya ba ta yi makonni tana kirana safe da yamma ta hanyar da kunya ta bar mata, ni kuma ina gogewa ina yi wa abokai labarin wayona.

A ranar muka sake shirya kwamfutar tun daga farko. Na cire imel ɗina na buɗe mata nata, na sa lambar wayarta, ta zaɓi lambar sirri gajera da kanta na kau da kai. Na ƙara girman rubutu, na mayar da maɓallin farawa kusurwar hagu inda hannunta ya saba zuwa, na fita kasuwa na sayo mata linzamin kwamfuta, wato maus, irin na da, domin wannan shafe-shafen da yatsa bai karɓe ta ba. Firintarta ma sai da muka sha fama kafin ta yarda da sabuwar. Abin da zai ba ku dariya, har muka gama Adda ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba, kwamfutar take yi wa. Sai ta dube ta ta ce ita kuma wannan ina ta kai wurin ajiye takarda, ni ma in dubi kwamfutar in ce ai ta mayar da shi sama ta dama. In yatsanta ya zame ya bugi harafin da ba shi ba, ta yi tsaki ta ce maƙerin wannan bai taɓa buga wasiƙa ba. Haka muka yini mu uku, har aka kira la'asar. Ban taɓa zama kusa da uwata na tsawon wannan lokaci ba tun da na yi wayo.

Ƙananan makarantun sun dawo a hankali. Babbar ba ta dawo ba har yau, kuma saurin hannun Adda bai koma yadda yake ba. Wannan ni na jawo, kuma ina jin ciwonsa duk lokacin da na wuce shagon bakin tasha. Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwana masu ɗan hali shi ne, kafin ka ɗauke wa tsoho abin da hannunsa ya saba da shi, ka tambaye shi. In ka kawo sabo, kada ka rabu da tsohon sai ka ga ya kama aiki da idonka. Ka sa lambarsa, ba taka ba. Kuma kada godiya ta ruɗe ka, iyayenmu za su sa maka albarka a kan abin da ya hana su barci, musamman waɗanda kunya ta ɗaure wa baki. Ni na ɗauka biyan kuɗin shi ne kyautar, ashe zaman ne, shi kuma na tsallake shi don kar mota ta wuce ni.

Yanzu kusan duk Asabar ina Gwandu, domin kusan duk Juma'a sai an aiko cewa kwamfuta ta sake rikicewa. Autarmu ta rantse mini cewa Adda ta fi ta iya ta yanzu, har ita take koya wa. Makon jiya da na je, firinta ce wai ta ƙi bugawa. Na leƙa bayanta na tarar an zare wayar firintar, an naɗe ta tsaf an ajiye a gefe. Na gyara zama a gefen tabarma, na ce wa kwamfutar wannan matsala babba ce, za ta ɗauke mu har la'asar.