Kaset ɗin da Na Aika wa Tsohon Ja-gora

Ni ne na yi laifin, ba tsohon nan ba, kuma na shekara biyu ina sane na yi shiru.

A lokacin ina da ɗan mashtal, wato lambun renon shuke-shuke, a unguwar Jurf a nan Madina, inda nake sayar da dashen raihan da yasmin da dabino. Ƙanena kuwa karatu ya kai shi Malesiya, ya samu aiki da masu kula da daji. Aikinsa hawa tuddai cikin ruwan sama, yana ƙirga wani tsiro mai cin ƙwari don kada ya ƙare. Da ya zo hutu ya baje mana hotuna a gidanmu na unguwar Ƙurban. Ganyen tsiron yana ƙarewa da wani abu kamar ƙaramin tulu mai murfi, bakinsa da santsi. Tururuwa ta zo lasar zaƙi, ta zame ciki, shi ke nan.

Inna ta ce, "Kawo mana ɗaya kicin mana, ƙudan gidan nan sun ishe ni."

"Mamnu'u, Inna, doka ta hana. Ko ganye ba a tsinka."

Na roƙe shi hoto ɗaya. Ya ba ni, ya ce, "Yaya, nuna gaban, kada ka nuna bayan." A bayan ya rubuta sunan tudun da rafin da ake bi. Ɓarayi na tone tsiron su sayar, shi ya sa ake ɓoye wurin.

Na ce, "Ya shaikh, ciyawa ce fa, ba rijiyar fetur ba."

Na maƙala hoton a mashtal. Wata rana wani ɗan kasuwar furanni daga can ƙasashen su Malesiya, da ya zo ziyara bayan Umara, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Da gurgun Larabcinsa ya ce hoton bogi ne, irin wannan ya ƙare a daji. Raina ya ɓaci. Na ciro hoton na juya masa, don ya san ƙanena ba maƙaryaci ba ne. Ya kwafe rubutun a tafin hannunsa ina kallo. Har shayi na zuba masa.

Bayan wata biyar ƙanena ya bugo waya. Ramuka kawai suka tarar a tudun. Su biyu suka san hanyar, shi da wani tsoho mai yi masa ja-gora, don haka aka sallami tsohon, a ƙauyensu ma ana nuna shi da yatsa. Na ce, "La haula," ban ƙara komai ba. Tsoron idon ƙanena nake ji.

Zuwansa na gaba, wata Asabar da safe muna fitowa daga masallacin Ƙuba, na faɗa masa duka. Sai ya ce:

"Ni halas, ya wuce, na yafe, Yaya. Amma ba sunana aka ɓata ba. Kuma tsohon bai iya karatu ba, balle ka rubuta masa wasiƙa."

Muka sayi kaset. Ya ce zai kunna a gaban mutanen ƙauyen, ya fassara. Na danna maɓallin ɗaukar murya, na yi sallama, na ce:

"Baba, ba ka san ni ba. Ni ne yayan yaron da kake kaiwa daji. Ba kai ka nuna hanyar ba, ni ne, daga Madina, don girman kai. Jama'a ku shaida, mutumin nan mai amana ne. Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."