Kaskon Ƙyale-su

Gidan da yara ke rarrafe, a ajiye kare a cikinsa ko kada a ajiye? Autana Nasiru ne ya yi mini wannan tambaya bayan na fita takaba. Ɓarayi sun dame su a unguwarsu a Gaya, sun kwashe musu awaki, ga shi yana da yara ƙanana, ƙaramarsu ko yaye ta ba a yi ba. Har yau ban ba shi amsa ba. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuwa ce mata inda kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biron ta jira ni.

Ranar wata kasuwar Ajingi ce, da kaka, shekarar da na yi famfara. Muna tsakar gida a ƙauyenmu da ke gefen Gafasa, mata na ɓarar gyaɗa, Kaka na zaune a kan tabarma tana kaɗi, sai ga ɗan baffana ya shigo da wani abu yana motsi a cikin rigarsa. Shi ne daga baya ya zama mijina. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba. Yaya nake ce masa a lokacin. Ya durƙusa ya buɗe rigar, sai ga kwikwiyo ja mai farin goshi, yana rawar jiki. Wani maharbi ne ya ba shi, ladan dakon kaya da ya yi masa. Kaka ta yar da mazarinta ta ce, "Fitar mini da shi! Gidan da ake goyo ba a kiwon kare." Ƙanena Habu kuwa, wanda ya fara rarrafe a lokacin, tuni ya nufi wajen yana dariya, miyau na zuba.

Sai da Baba ya je wajen malaminmu na makarantar allo kafin magana ta mutu. Malam ya ce kare na tsaron gona da dabbobi babu laifi a kansa. Baba ya dawo ya kafa doka: iyakar kare soro, ba ya shiga tsakar gida balle ɗaki, a ba shi kaskonsa daban, kuma duk ƙwaryar da ya sa wa baki a wanke ta sau bakwai, na farko da ƙasa. Wannan wankin ni aka ɗora wa. Na sha zama a bayan randa ina dirzar ƙwarya da rairayi ina zaginsa, shi kuwa yana leƙe daga bakin soro yana kaɗa wutsiya kamar ba shi ya ja mini ba. Yaya ya sa masa suna Ƙyale-su, saboda yawan masu tsine masa a gidan. Kaka ta gane da ita ake, ta bi Yaya da muciya har waje, amma sunan ya zauna.

Kaskon nasa gindin wani tsohon tulu ne da ya fashe. Kullum da safe nakan kankare ƙanzo daga tukunyar tuwo in jiƙa masa a ciki. Ya girma ya zama dogo siriri, kunnuwa a tsaye. In damina ta faɗi, da shi ake tafiya gona. Ni ce mai kai abinci da hantsi, ƙwaryar fura a ka, shi yana gaba yana shinshina hanya, in ya yi nisa ya tsaya ya waiwayo. In gero ya fitar da kai, mu yara ake sa wa tsaro. Mukan hau gadon kara da aka kafa a tsakiyar gona muna kaɗa gwangwani muna korar tsuntsaye, shi kuwa birai ne aikinsa. Da ya ji motsinsu a kan tsamiya sai ya zabura, su watse suna ihu kamar masu zagi. Lokacin roron gyaɗa yakan tono mana ramin gafiya, samari su kama su gasa, a jefa masa kai. Da yamma in mun taso daga makarantar allo, maza na langa a ƙofar gida, mu muna 'yar carafke, yakan kwanta a tsakiyarmu ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa.

Amma babban abokinsa Habu ne. Da Habu ya fara tafiya, gashin wuyan Ƙyale-su yake kamawa ya miƙe. Yakan ja masa kunne, ya hau bayansa, ya cusa masa yatsa a hanci, kare bai taɓa ko ɗaga masa leɓe ba. Ko loma ɗaya aka ba Habu, sai ya fita soro ya raba biyu. Innarmu ta gaji da wanke masa hannu. Kaka takan ce, "Yaron nan da shi da kare uwa ɗaya uba ɗaya." Duk da haka na sha ganinta tana tura sauran ɗumame cikin kaskon da ƙafa, in ta zaci ba mai kallo.

Da bazarar da Habu ya shekara uku abin ya faru. Ana tsananin zafi, maza sun tafi sharar gona, mata na cikin gida. Muna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, mu yara, sai na ga wani baƙin kare ya fito daga lungu. Kansa a ƙasa, wutsiya a matse, dalala na zuba, yana tafiya kamar wanda ya sha wani abu. Wata mata ta ƙwala ihu daga bayan danga, "Mahaukacin kare! Ku gudu!" Duk muka watse. Sai da na kai bakin soro na tuna Habu. Na waiwaya, yana nan zaune yana gina ɗaki da ƙasa, karen ya nufo shi kai tsaye. Na ƙwala wa Innarmu kira. Ban ga ta inda Ƙyale-su ya fito ba. Na dai ga jan abu ya wuce ni, sai ƙura da gurnani, suna birgima a gaban yaron. Innarmu ta fito ko mayafi babu ta fizge Habu. Kafin maza su iso da gora su gama da baƙin karen, kunnen Ƙyale-su ya yage, kafaɗarsa na jini.

Da la'asar dattawa suka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Kowa ya san hukuncin: karen da mahaukaci ya ciza ba a barinsa. Yaya, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya faɗi a gaban Baba yana kuka. Abin mamaki, Kaka ce ta aiko daga cikin gida cewa wanda ya fanshi jikanta ba za a kashe shi a ranar ba. Sai aka koma ga abin da mutanenmu suka gada. An ce kare in hauka ya kama shi, ruwa yake fara ƙi. Don haka a ɗaure shi a gona nesa da yara, kullum da rana a zuba masa ruwa a tsaya a gani. Muddin yana sha, a bar shi. Ranar da ya ƙi, shi ke nan.

Aka ɗaure shi a gindin tsamiyar gonarmu da igiyar rama, aka kai kaskonsa. Kullum rana tsaka ni da Yaya muke zuwa, ni da tulu, shi da doguwar sanda. Ya jawo kaskon da sandar, in zuba ruwa, ya tura masa, don Baba ya hana mu matsawa kusa. Mu tsaya mu riƙe numfashi. Ban taɓa jin sauti mai daɗi kamar na harshen karen nan a cikin ruwa ba. In mun dawo, Baba na zaune a soro, tambaya ɗaya yake yi, "Ya sha?" Yaya ya ce, "Ya sha, Baffa." Haka muka yi ta yi har ruwan sama ya sauka, aka yi shuka, gero ya kawo gwiwa. Raunin ya warke. Har an fara cewa a kwance shi. Habu kuwa kullum sai ya tsaya a soro, inda kaskon yake a da, yana kiran sunansa.

Sai wata rana muka tarar da shi a kwance ya juya mana baya. Yaya ya kira shi, bai kaɗa wutsiya ba. Na zuba ruwan, aka tura. Ya taso da ƙyar, ya kai baki, sai ya ja da baya yana kakari kamar ƙashi ya tsaya masa a wuya. Ya sake gwadawa, ya sake ja da baya. Idanunsa ba su ne na da ba. Yaya ya juyo da sandar a hannunsa. Ya ce, "Ladi, zafi ne ya dame shi. Mu ce ya sha. Mu ba shi gobe." Na ce to. Wallahi na ce to da zuciya ɗaya. Muna juyawa sai muka ji motsi a cikin gero. Habu ne. Ya faki idon Innarmu ya biyo sawunmu tun daga gida, ƙafa duk ƙaya, da ɗan guntun ƙanzo a hannunsa, yana gudu ya nufi tsamiya. Ƙyale-su ya zaburo har igiyar ta shaƙe shi, da wata irin murya da ban taɓa ji ba. Yaya ya sure yaron ana saura taku kaɗan. Ya saɓa shi a kafaɗa, muka kama hanyar gida.

Baba na soro. Ya ce, "Ya sha?" Na dubi Yaya. Ya sauke Habu a hankali, ya ce, "Bai sha ba, Baffa." Maharbin da ya ba Yaya karen aka kira. Mu aka tsare mu a cikin gida, amma gonar ba ta da nisan da za ta ɓoye ƙarar bindigar. Ranar Kaka ba ta ci tuwo ba. Kaskon kuwa a can aka bar shi, na daɗe ina ganinsa a gindin tsamiya, ruwan sama ya taru a ciki, tsuntsaye na sha.

To ka ji inda na tsaya, Nasiru. Ba don kare ba, da Habu bai kai ga furfurar da yake da ita yanzu ba. Saboda karen kuma, saura ƙiris mu rasa shi a gonarmu. Ka ce mini yanzu akwai allura wajen likitan dabbobi, ana yi wa kare tun yana ƙarami, ciwon ba ya kama shi. Na yarda, da a zamaninmu akwai ta, da labarin nan ya canza. Amma yaran yanzu suna cikin gidajen bulo da ƙofar ƙarfe, babu gona, babu biri, kare zai kwana ya wuni a kan siminti da sarƙa a wuya. Allurar kuma ba ta hana yaro son abin da zai riga shi mutuwa. Ban sani ba ko in hana jikokina wannan so, ko in bar su su ɗanɗana shi kamar yadda muka ɗanɗana.

Mahaifinka ya yi shekarun aurenmu duka bai sake ajiye kare ba, bai kuma taɓa jifan na wani ba. Ko sau ɗaya bai ƙara ambaton Ƙyale-su ba, har na zaci ya manta. A ciwonsa na ajali, bayan an dawo da shi gida daga asibiti, harshensa ya yi nauyi, ba ya gane mutane sosai. Ranar da zai cika, da rana tsaka, na tallafo kansa na kai masa kofi baki. Bai iya haɗiya ba. Ya dubi ruwan, ya dube ni, sai na ga yaron nan mai sanda a gindin tsamiya. Ya kama hannuna ya ce, "Ladi, je ki zuba masa. Wataƙila yau ya sha."