Hoton Da Na Ɗauka Daga Cikin Gonar Mahaifina

Ni ne mai laifi a labarin nan, gara in faɗa tun daga farko. Kuma ba laifin rashin sani ba ne, da idona biyu na aikata shi.

Shekarun baya, ina aji uku a karatun lauya, ɗaliban sashenmu suna da wata mujalla da suke fitarwa sau ɗaya a shekara a kan dokokin muhalli. Ɗalibai ke rubutawa, ɗalibai ke tacewa, malami ɗaya ne kawai ke leƙa su lokaci-lokaci. Ba zan yi muku ƙarya in ce ƙaunar itatuwa da rafuka ce ta kai ni ba. Na ga 'yan mujallar suna da ofis mai fanka, malamai kuma sun san su da suna. Ni kuwa daga wani ƙauye na fito a bayan Yako, da ƙyar na haye jarrabawar shiga jami'a, Turancina ma sai na yi ta kora shi kamar jakin da aka yi wa lodi. So nake kawai a san da ni.

Sharaɗin shiga shi ne ka rubuta maƙala ɗaya a kan abin da ka gani da idonka. Shugabar mujallar, wata 'yar aji biyar da ba ta ɗaukar wargi, ta tara mu ta ce, "Kada wanda ya kwaso mana matsalar ƙasar waje. Kowa a nan yana da ƙauye. Ku je ku dubo."

Sai na zaɓi burtalin garinmu, wato hanyar da aka ware wa shanu tun zamanin kakanni, wadda ta taso daga wajen Ɗansoshiya ta ratsa gonakinmu ta yi kudu, an shinge ta da aguwa dama da hagu. Da can garke guda kan wuce a cikinta a sake. A lokacin da nake ba ku labari, akwai wurin da ta tsuke har shanu biyu ba sa iya jerawa. A daidai wurin, gonar wani dattijo maƙwabcinmu ce ta gabas, gonar mahaifina ta yamma.

Dattijon ya ci burtalin da kunya biyu. Mahaifina ya ci da kunya goma sha biyu. Ba ji na yi ba, ina sakandare da hannuna na taya shi tumɓuke aguwar muka matsar da ita gaba. Amma da na zauna rubutu a hutun damina, sai kunya goma sha biyun nan suka ɓace mini a takarda. Ban ambaci sunan dattijon ba, na dai kwatanta gonarsa yadda ko makaho a garinmu zai gane ta. Na shiga cikin masarar mahaifina na tsaya, na saita waya a kan dawar dattijon na ɗauki hoto. Ban tsaya nan ba. Da yamma a teburin mai shayi na buɗe baki na ce rubutuna zai fito a mujalla, mujallar kuma har sakatariya ake kai ta a Kiru, za a ga masu cinye burtali. Gaskiya ne ana aika wa ƙananan hukumomi kofi. Ko suna buɗewa, Allah masani. Ni dai na sha shayina ana kallona.

Abin da ban sani ba shi ne, a mujallar ba a buga rubutu sai an ba wani ya bi diddiginsa, jimla bayan jimla, hoto bayan hoto. Nawa kuma sai ya faɗa hannun abokina, ɗan aji huɗu, wanda muke zuwa cin wake da shinkafa tare. Bafulatani ne, rugarsu na wajen Ɗansoshiya, suna kiwo suna noma.

Ya kira ni ofis bayan la'asar. Hoton na gabansa.

"Kaɗo, zauna," in ji shi. Haka yake kirana, wato Bahaushe a bakin Fulani, in yana son tsokana. "Rubutu ya yi kyau. A ina ka tsaya ka ɗauki wannan?"

"A bakin burtali mana."

"Wannan reshen da ya leƙo ta sama, na tsamiya ne ko?"

Na ce na tsamiya ne.

Ya juya biro a hannunsa. Ya ce, "Na bi hanyar nan da ƙafata ya fi a ƙirga. Tsamiyar nan a tsakiyar burtali take. A gindinta kawuna kan tsayar da mu mu dama fura, shanu na wucewa ta gabanmu da ta bayanmu. Yanzu ga ganyen masara a ƙasan hotonka. Masarar waye?"

Maimakon in ji kunya, sai na ɗau zafi. Na ce masa ai dama na san za a rina, shanunsu yake karewa.

Ya yi dariya har da dukan tebur. "Kai Barista, rubutun naka ai shanunmu yake karewa. Da son kaina zan bi, da na sa hannu tun jiya. Tsohon nan nake ji. Kunya biyu ya ci, za ka ɗora masa sha huɗu." Sai ya tura mini takardun. "Ba zan sa hannu ba, ba kuma zan kai ƙararka ba. Kai za ka je wajen shugaba da ƙafarka."

Ga wani abin kunyar kuma. Ranar Asabar na hau bas zuwa Kiru, na hau achaɓa zuwa gida, ba don in gyara komai ba. Niyyata in sake ɗaukar hoton ta inda reshen tsamiya ba zai fito ba.

Ina isa bakin burtali na tsaya cak. Dawar dattijon, wadda ta yi ciki tana shirin fitar da kai, an sare ta tana kwance a ƙasa. Ba kunya biyu kaɗai ba, har huɗu. Ganyen bai gama bushewa ba.

Mahaifiyata ce ta ba ni labari tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ta dube ni ba. Ta ce, "Tun ranar da ka yi surutunka a wurin mai shayi bawan Allahn nan bai sake samun sukuni ba. An ce masa ka kai sunansa gwamnati, za a ƙwace gonar gaba ɗaya. Shi ne ya ɗau adda da kansa. Ya ce gara ya rasa kunya huɗu da ya bar jikokinsa ba gona."

Wayar tana aljihuna, ban fito da ita ba.

Na sami mahaifina a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaya masa komai, na ce zan sake rubutun, kuma gonarmu za ta shiga ciki.

Ya dube ni ya ce, "Na tura ka ka koyo yadda ake fid da mutane, shi ne za ka fara gwaji da ɗaure ubanka?"



Ya ƙara da cewa, "Masarar wurin nan a cikinka take, ka sani ko? Da ita ka yi wannan wuyan."

"Na sani, Baba."

Ya ci gaba da dukan ƙotar har na zaci ya manta da ni. Can ya ce, "Bana na riga na shuka, ba zan sare abinci ba. In an girbe, ka zo ka mayar da aguwar inda ka tumɓuke ta. Ba zan taya ka ba." Da kaka ta yi na zo na mayar. Bai taya ni ba kuwa, amma yana gindin tsamiya tun safe yana nuna mini layi da sanda, yana cewa lauyoyi ba su iya riƙon fartanya ba.

Da na koma makaranta bayan maganarmu da mahaifina, shugabar mujalla ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ta ce, "Ka san da an buga wannan, ba sunanka kaɗai zai ɓaci ba?" Ta ce in sake rubutawa, kuma sakin layi na farko ya faɗi gonar waye a yamma da burtali, da abin da hannuna ya yi a wurin. An karɓe ni, amma shekara guda cur aikina shi ne bin diddigin rubutun wasu, aikin da kowa ke gudu. Maƙalar ta fito da sunana da na abokina, don shi ya kai ni rugarsu muka ji ta bakin dattawansu. Babu wanda aka ƙwace wa gona. Mai unguwa da arɗo ne ma suka zauna daga baya suka daidaita sauran wuraren da burtalin ya tsuke.

Har yau in na tuna cewa saura ƙiris a buga rubutun farkon, sai in yi hamdala. Da ya faɗa hannun wanda bai taɓa bin shanu ta wurin ba, da ya wuce sumul, da an yaba mini, da kuma na fara aikin lauya da wannan halin. Allah ya rufa mini asiri ta hannun mutumin da na zaga. Yanzu duk wanda ya kawo mini hoto a kan rikicin gona, nakan fara da tambayarsa inda ya tsaya.

Amma akwai abu ɗaya da na daɗe ban yi ba. Na gyara takarda, na mayar da shinge, na ba abokina haƙuri, dattijon kuwa na yi ta guje masa kusan shekara biyu. In na hango shi a hanya sai in karya kwana. A masallaci nakan zaɓi sahun da ba ya ciki. Shi bai ma san dalilin ba, har aiko mini da gyaɗa yake in na zo hutu.

Sai bayan na gama makaranta na yi ta maza. Na same shi a ƙofar gidansa da hantsi yana tufka igiya. Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa.

"A'a, lauya ne a ƙasa?" in ji shi yana murmushi. "Lafiya dai ko? Ko wata takardar ce kuma ta taso? In burtali ne, wallahi yanzu ko mota sai ta wuce ta gefena."

Na ce, "Babu wata takarda, Baffa."

Ya ajiye igiyar ya gyara zama.

Na ce, "Baffa, dawar da ka sare a waccan shekarar, ni na sa ka. Ba gwamnati ce ta neme ka ba, ni ne na yi baki don a ce na iya. Na san tamu gonar ta fi taka shiga burtali nesa ba kusa ba, na ɓoye tamu na nuna taka, don kai ba ka da mai tsaya maka. Na ci amanar maƙwabtaka, kuma na ɗau shekara biyu ina cin gyaɗarka ban faɗa ba. Don girman Allah ka yafe mini."