Albasar Inna a Ƙarƙashin Gado

Yau da safe na buɗe firij na tarar ɗiyata ta cusa albasa a ciki, duk ta yi laushi, har ruwan shanmu ya ɗauki warinta. Ina cikin faɗa na ji bakina ya ce, "Albasa iska take so." Maganar marigayiya Inna ce, uwar maigidana.

Matar nan ta gwada haƙurina. Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu maigidana ya sayo mana firij a Mai'adua, ni kuwa duk abin da na samu sai in jefa ciki. Ita kuma kullum sai ta bi bayana ta kwashe. Ta baza albasa kan yashi a ƙarƙashin gadonta, ta mayar da daddawa tukunyar ƙasa, ta bar mini ƙofar firij a hangame.

Wata rana na saka mata zumarta a ciki don gudun tururuwa. Tari ya kama ta, ta ce a kawo. Zuma ta daskare, cokali ya ƙi shiga. Ta jujjuya kwalbar, ta dube ni.

"'Yar nan, ƙudan da suka yi ta, wa ya ja musu wutar lantarki?"

Har yau ina jin haushi, don ita ke da gaskiya. Allah ya jiƙan ki, Inna, ya shayar da ke zumar Aljanna, inda babu surukar da za ta daskarar miki da ita.