Ruwan randa kafin ruwan zafi: shekara tara bayan Malam Haliru maɗori

Bana shekara tara ke nan da muka kai wana, Malam Haliru maɗori, makwancinsa a Wurno. Na so in yi wannan waiwaye da sanyin zuciya, amma abin da ya faru a gidan 'yata a Taloka ya hana ni.

Zaure ɗaya muka yi karatu. Ni na tsaya ga alƙalami da tawada, shi ya gaji hannun mahaifinmu. Daga Rabah, daga Dinawa, daga rugagen Fulani ake kawo masa masu targaɗe da waɗanda baya ya riƙe. Ya yi bisimilla, ya ja, ya danna, ka ji ƙas, mutum ya sauke numfashi. Sai dai yakan ce wannan rabin aiki ne, sauran rabin kuma a gida ake ɓata shi. Mu mutane ne da muka yi imani da gashi da ruwan zafi. Ko ƙaya ta soke ka, sai an ɗora tukunya. Shi kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: muddin wuri yana kumbure yana huci, tsumma da ruwan randa kawai. Sai kumburi ya saɓe, tsamin jiki ya rage, sannan a yi gashi.

Abin da ban gane darajarsa ba sai yanzu shi ne, ba majinyaci yake gaya wa wannan ba. Ya san majinyaci ba shi da baki a gidansu. Tsohuwar gidan yake nema, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, na yi nawa, saura naki. Randar ga ke ad da ita. Duk wanda yaz zo da ruwan zahi kahin in dawo, ki kore shi, ko da hakimi na." Tsohuwa ta sami sarauta, kuma babu mai tsallake ta.

Isuhu, mijin 'yata, albasa yake nomawa a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, da ita yake ciyar da gidansa. Ana gab da dashe ya ɗaga injin ban-ruwa, baya ya riƙe. Aka kai shi wani asibiti a Sakkwato inda ake miƙe baya da hannu. Sun yi aiki mai kyau, da ƙafarsa ya dawo. Suka ce ya naɗe ƙanƙara a ƙyalle ya riƙa ɗorawa na ɗan lokaci yana cirewa, kada zafi ya taɓa wurin sai kumburi ya sauka. Maganar wana ce sak. Da yana raye da ya yi murna, shi da yake lulluɓe randa da jiƙaƙƙen buhu don ruwa ya ƙara sanyi, ga shi yau ƙanƙara a shagon kowane mai firjin sola. Amma Isuhu kaɗai aka gaya wa.

Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta iso daga Dinawa ta tarar da ƙanƙara a bayan ɗanta. Ta tafa hannu. "Mi ne na wanga? Ɗana kihi na? So kuke sanyi shi shige mai ƙashi?" Nan take ta hura wuta. Safe da yamma tana gasa shi da ruwa mai tururi, shi kuwa yana cizon matashi kawai, don wane ɗa ne zai ce wa uwarsa ta ɗauke hannu? 'Yata suruka ce, ido nata. Da Inna ta fita kuma, abokansa su shigo su kife masa ƙanƙara tsirara a kan fatar da ta riga ta dahu, su bar ta har ta narke. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A nan dai miyar suka zubar.

Na je dubiya. Tsakanina da Inna Kulu akwai kunyar surukuta, na yi ta kewaye-kewaye har na ce, "Hajiya, da an ɗan jinkirta gashin ga." Ko waiwayowa ba ta yi ba. "Malam, kai dai ka yi muna rubutun sha. Jinya aikin mata na."

Ba mugunta ta kawo ta ba, ƙauna ce, kuma wannan ya fi ci mini rai. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Baya ya ƙara kumbura, fata ta saluɓe, aka koma asibiti aka fara daga farko. Irin albasa kuwa ba ya jiran mai jinya. Isuhu ya bai wa maƙwabcinsa aron fadamar, bana ba shi da ko kunya ɗaya ta albasa.

In na auna abin da ya rage mana na Malam Haliru, hannunsa dai ya tafi da shi, amma ba hannu muka rasa ba, akwai masu hannu a yau, wasu ma sun fi shi kayan aiki. Wanda zai durƙusa a gaban tsohuwa kafin ya sallami majinyaci muka rasa. Wannan ba ya bukatar gado, gaisuwa ce da 'yar magana, amma na duba ban ga wanda ya ɗauka ba.

Ran kasuwar da ta wuce na hango Isuhu zaune a bakin fadamarsa, sanda a hannu, yana kallon wani yana juya ruwa a cikin albasa. Ban iya ƙarasawa wurinsa ba. Allah ya ba shi lafiya da haƙurin bana. Kai kuma Yaya, Allah ya yalwata makwancinka, ya sa can ta fi nan.