Aguwar Tsoho Mai Tafiya

Surukina ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, to ba yanzu da ya kwanta dama zan fara ba. Tsoho muke ce masa. Gajere ne, mai saurin fushi, kuma a duk ƙauyenmu, can tsakanin Illela da Badaguishiri, shi ya fara mallakar shingen da ke tafiya da ƙafarsa.

Gonarsa tana bakin burtali, hanyar da shanun Fulani ke bi daga ruga zuwa tabki. Mu ma ta nan muke fita babbar hanya. Rugar ta girmi garin, kakannin mijina tarar da ita suka yi. Rijiyar siminti da aka yi mana alkawari tun samun ƴancin kai, an tona ta tsayin mutum aka tafi, ta zama wurin faɗawar awaki. Saboda haka tabkin nan shi ne ran shanunsu, kuma in burtali ya toshe, zamansu ya ƙare.

Iyakar burtali aguwa ce, tsiron nan da ake shinge da shi. Ita kuwa aguwa ba ta da zuciya: karya reshe, soka a ƙasa, tafi abinka, ta kama. To kowace bazara kafin ruwan farko, Tsoho zai fita da sassafe ya soka sabon layi, taki ɗaya cikin burtali. In ya kama, sai ya tuge tsohon layin ya jibge mana a tsakar gida. Na sha hura wuta da iyakar Fulani, hayaƙinta ma ba daɗi. Maƙwabcinsa na wancan gefen ya gani, ya tuna shi ma Allah ya ba shi hannu.

Ina da ƙawa a rugar. Kullum da hantsi takan kawo mini nono in ba ta hatsi, mu zauna mu ci naman mazajenmu. Wata rana ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Ƙawa, aguwar surukinki ta hi mu yawo. A da garke ke wucewa gaba ɗaya, yanzu sai sun bi layi kamar ƴan makarantar lakwal."

Na yi dariya har da riƙe ciki, amma abin ya tsaya mini a rai. Suruka ba ta ɗaga ido gaban uban miji, balle ta yi masa zancen gona. Na gwada mijina, ya ce, "Ke, bar ni in ci tuwona." Mazan rugar sun kai ƙara buro, ofishin hukuma, aka ce babba ya fita rangadi, su dawo. Suka yi ta dawowa har suka gane jakin masinja daga nesa, babba dai bai gama rangadi ba.

Ranar da abin ya faru damina ce, hatsi ya fara fidda kai. Wata saniya mai manyan ƙaho ta ga hatsi dab da hancinta, ta miƙa wuya ta yi abin da kowace saniya za ta yi. Tsoho ya rafka mata ƙotar hauya a baya. Ƙanin ƙawata, saurayi ne, shi ke kiwo, ya mayar da sanda a tsakar kan Tsoho. Da aka shigo da shi gida jini ya rufe masa fuska. Na tsorata ƙwarai, don na ɗauka ya tafi.

Aka ɗaure kan da zane, aka shimfiɗa shi a amalanke ɗaya da garin ke da ita, muka nufi gidan likita, ina biye da butar ruwa. Muna isa daidai gonarsa amalanke ta cije. Aguwa ta riƙe ƙafar dama, aguwa ta riƙe ta hagu. Aka ja, aka tura, ko motsi.

Tsoho, da muke yi wa salati, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wane marar tsoron Allah ya matse hanyag ga haka?"

Kowa ya duƙar da kai. Ni na cusa bakin zane a baki. Mijina ya ɗauko gatari, Tsoho ya yunƙura ya ce a sare ta wancan gefen, ba nasa ba. Aka sare duka biyun. Mazan rugar suka fito, har da uban yaron da ya yi dukan, suka sa kafaɗa, amalanke ta bi ta kan hatsin Tsoho yana kwance yana ƙorafi.

A gidan likita ba zaren ɗinki, ba allura, sai wani shuɗin ruwa a kwalba. Shi aka labta masa, ya dawo gida da kai kamar an tsoma shi a marina. Allah da ikonsa ya warke.

Jandarma ba su zo ba sai bayan girbi, lokacin har gashi ya rufe tabon. Suka tambayi wa ya yi dukan, suka ɗaure yaron suka tafi da shi. Ba wanda ya tambayi aguwa inda take da can. Ba a jima ba rugar ta tashi. Ƙawata ta biyo ta ƙofar gida, shanu na gaba, ta miƙo mini ƙwaryar da take auna mini nono, ta wuce. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tsoho bai ƙara soka aguwa ba. Burtali ya zauna da faɗinsa, ciyawa ta cinye shi. Da hantsi nakan dama masa fura da ruwa zalla in ajiye in juya. Wata rana ya kurɓa, ya dubi ƙwaryar, ya ce, "Yau ma ba nono?"

Na ce, "Babu, Baba."

Ita ce magana ɗaya da na taɓa yi masa ina kallon idonsa.